Namadi Mai Rediyo da Waƙar da Ta Bi Sawun Shanu

Kafin a buɗe shagunan layin tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda, Namadi ya riga ya share ƙofar nasa, ya yayyafa ruwa, ya jera rediyoyin mutane a kan benci kamar marasa lafiya a layin asibiti. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan sana'a. Daga safe zuwa la'asar, hayaƙin dalma ne abokin hirarsa. Da zarar ya dawo daga masallaci kuwa, sai ya janyo ƙyaure, ya jingina masa tsohuwar katifa don ta tare ƙarar babura, ya ɗora wayarsa a kan gwangwanin madara, ya yaye zanen da ke rufe da 'yar fiyanonsa. Waƙa ɗaya tak yake rerawa a rana, cikin waƙoƙin tsofaffin finafinan nan da muka kalla a kaset muna samari. Ya saka ta a Fesbuk, ya kulle shago, ya tafi gida.

Shi da bakinsa yake cewa ba mawaƙi ba ne. Bai taɓa shiga situdiyo ba, ba a taɓa gayyatarsa biki ba. Amma direbobinmu da ke Legas, da 'yan ci-rani a Agadas, da matan da aka taso daga ƙauyukan Shinkafi suna zaman haya a Gusau, duk sun san lokacinsa. Abin alfaharinsa ɗaya ne a wancan zamani: ba ya ƙari, ba ya ragi. Yadda waƙa ta fito a fim, haka zai dawo maka da ita, har inda mai waƙar ya ja numfashi.

Wannan alfahari ne ya kusa kai shi ƙasa, a shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara.

Ana saura 'yan kwanaki a rufe, Abdulaziz, direban motar haya da ke bin hanyar Zurmi, ya tsaya a ƙofar shagon hannu wayam.

"Baba Namadi, yau ba rediyo na kawo ba."

"To mi ka kawo? Kai da ba a ganin ƙeyarka sai abu ya lalace."

"Abu ya lalace, Baba. Mutum ne."

Mutumin shi ne Anas, mijin ƙanwarsa Salima, manomi a Birnin Tsaba. Da farkon damina 'yan bindiga suka same shi a gona, suka kora shi daji tare da shanun huɗarsa. Bayan kwana hamsin ya dawo, shanun ba su dawo ba, bakinsa ma bai dawo ba. Kwana arba'in ke nan yana gida bai ce uffan ba. In an ba shi abinci ya ci, in an yi sallama ya kalli mutum. An yi rubutu an sha, an je asibiti an ce jikinsa ƙalau. Dangi sun fara raɗe-raɗin a kai shi wajen masu taɓin hankali a bar shi can. Salima ce ta tuna akwai wata waƙar tsohon fim da ba ta barin bakinsa a da. Shi ne suke roƙon Namadi ya rera ta, ko da zai ji ta.

Kwana uku Namadi ya yi a kanta. Ya fitar da ita tsaf, da zafinta da kiɗanta na rawa, kamar an ciro ta daga kaset. Ya saka a Fesbuk, yabo ya yi ta zuba. Abdulaziz ya ɗauka a waya ya kai Birnin Tsaba, ya kunna a gaban Anas.

Washegari ya dawo fuska a murtuke.

"Baba, garin neman gira mun rasa ido. Yana jin ta ya tashi ya koma bayan rumbu. Jiya ko tuwo bai taɓa ba."

Namadi ya ajiye abin da ke hannunsa. "Ba ita ba ce?"

"Ita ce. Salima ta ce ita ce, amma kuma ba ita ba ce. Ni dai ban gane zancen mata ba."

Namadi ya so ya kira Salima ya tambaye ta. Kafin ya samu lambarta, layi ya ɗauke a jihar gaba ɗaya. Babu kira, babu saƙo, babu Fesbuk. Wani zai ce Allah ya kawo masa mafita, tunda ya yi iya yinsa. Shi kuwa da safe sai ya rataya kwaɗo a shagon da bai taɓa rufewa ranar aiki ba, ya shiga gaban motar Abdulaziz. Kowa ya san yadda hanyar Zurmi take a kwanakin nan: fasinja ba ya hira, kowa bakinsa na motsi, ido na kan daji.

A zauren gidan Anas a Birnin Tsaba, Salima ta tsaya daga bayan katanga ta gaishe shi.

"Ɗiyata, rera min ita yadda shi yake yin ta."

"Haba Baba! Ni, gaban maza? Wallahi ba ni iyawa."

"To bar shi. Gaya min, a ina yake yin ta?"

Ta ce, "Bayan shanu. In shina huɗa. Tun daga nesa nike jiyo ta in na kawo mai fura."

Namadi ya juya ga Abdulaziz. "A samo min shanu da garma."

Shanun huɗa biyu suka rage a duk unguwar, na wani dattijo, Muhammadu, wanda ke ɓoye su a cikin gida kamar zinariya. Da ya ji buƙatar, sai ya kalli baƙon daga hula zuwa takalmi.

"Huɗa? Yanzu da gero ya yi kai, ana wasa lauje? Abdulaziz, wannan mutumen naka lafiyarshi ƙalau kuwa?"

"Ɗan birni ne, Baba, a yi mai uzuri."

An dai ɗaura wa shanun karkiya a wani ɗan fili da ke bayan gidan, daidai inda Anas yake zaune a kan tabarma cikin inuwar katanga. Namadi, wanda tunda aka haife shi bai taɓa riƙe garma ba, ya naɗe ƙafar wando ya kama. Ya ɗauko waƙar da zafinta na fim. Taku goma bai yi ba numfashi ya ƙare masa, garma ta yi gabas, shi ya yi yamma.

"Ko maciji ya fi ka miƙewa!" in ji Muhammadu. Maƙwabta da suka taru suka kwashe da dariya.

Bai saki ba. Ya sake kamawa. Shanu ba su san fim ba, tafiyarsu suke yi, ɗaga ƙafa, ajiye ƙafa. Dole waƙar ta sauko ta bi sawunsu. Ta yi nauyi, ta yi tsawo, kiɗan rawar ya zube daga jikinta, ta koma abin da mutum ke faɗa wa kansa shi kaɗai a tsakiyar gona. Dariyar ta mutu. A bayan katanga aka ji Salima ta fashe da kuka.

Sai ga ƙarshen fili. Namadi ya ci gaba da rerawa yana kokawar juya shanun, su kuma suka cije, ɗaya ya nufi katanga.

"Ba a waƙa wurin juyi."

Muryar a dishe take, kamar ƙyauren da ya shekara a rufe. Kowa ya waiwaya. Anas ne, a tsaye.

"Shiru ake yi, a yi masu magana. In sun miƙe, sannan ka ɗauko ta." Ya tako ya karɓi garmar daga hannun Namadi, ya yi wa shanun wata 'yar tsawa mai taushi, suka juya kamar ruwa. Da suka miƙe, shi ya ɗauko baitin da ya rage.

Ba a ce ya warke a ranar ba. Har yau in babur ya taso da ƙarfi yakan zabura. Amma ba a kai shi ko'ina ba. Yana gidansa, yana amsa sallama, ya yi noma damina uku tun daga nan.

Da layi ya dawo, Namadi ya goge waccan ta farko da aka yi ta yabo, ya saka sabuwa: a hankali, babu kiɗa, da dogon shiru a tsakiyarta. Masu sharhi suka yi masa caa. Wani ya ce tsufa ya kama shi, wani ya ce ya manta baiti ne ya tsaya tunani. Bai ba kowa amsa ba, don amsar sirrin wani ce. Anas ne da kansa ya yarda a ba da labarin nan yanzu, da ya ji cewa likita ya hana Namadi waƙa saboda ciwon maƙogwaro, kuma wadda ya saka a watan jiya ita ce ta ƙarshe.

Namadi, kai ne ka gane cewa waƙa in ta bar fim ta shiga gidajen mutane, ta zama tasu. Tun daga ranar ba ka sake rera wa kowa waƙa ba sai ka tambaye shi a ina yake jin ta, wa yake yi masa ita, a bakin murhu ko a bayan mota. Kai ne ka yarda a yi maka dariya a gaban unguwa, ka yarda a zage ka a gaban duniya, don dai wani bawan Allah ya buɗe baki. Gwani mai karɓar gyara, sannu da aiki. Mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin da ka yi ya tsaya maka ranar da baki ba ya magana.

Ku kuma matasa masu riƙe da waya, masu muryoyin da suka fi tasa daɗi, ku rera, ba wanda ya hana ku. Amma ku sani, daga Moriki zuwa Badarawa akwai gidaje da yawa da wani ya dawo daga daji ya zauna a inuwar katanga ya yi shiru. Ba zai rubuto muku sharhi ba. Sai dai ku tashi ku je.