Walƙiyar da Baba Ya Gani

Wata Laraba da magariba, ƙarshen bazara, a shekarun da Nasara suka fara ɗibar mutanen Matameye aikin hanya, Baba ya ajiye basillarsa ya ce ya ga walƙiya a gabas. Shekarata tara, ina tsakar gida ina ba awaki dusa.

Baba baduku ne. Sai fata ta kusa taɓa hancinsa yake ɗinka ta, ɗinki kuwa ba na biyunsa, amma taki biyar ba ya bambance Inna da turmi. Ni ma na gaje shi, sai dai na ɓoye masa, don yakan ce ni ce idonsa. Yaran unguwa kam sun sani. A wasan ɓuya sai in rungume ginshiƙin rumfa ina ihun na kama ƙawata Hajo, su yi ta dariya har da faɗuwa.

Magariba uku yana ganin walƙiyar nan. A ta ukun ya kira ni: "Ta-Baba, dubi gabas. Kin gani?" Ban ga komai ba. To, da can me nake gani? Na ce na gani. Inna ta ce ko iskar ruwa ba ta ji ba, ya ce da ita, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Dami ɗaya na iri ya rage mana, wanda Inna ta hana mu ci duk yunwar bazara. Washegari muka yi binne da shi, muka zuba shi a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Baba na sara da sungumi, ni da Inna muna jefawa muna rufewa da diddige.

Ruwa bai zo ba. Zabi da ɓeraye suka tone rabonsu, rana ta ƙone sauran. Ranar da muka koma duba gonar, da tsakar rana, Baba ya tsaya cak ya ce ga baƙin hadari ya taso, amma daga ƙasa. Sama fes take. Ya murza ido, ya sake murzawa. Cikin kwanaki baƙin ya rufe idon dama, na hagu ya bi kafin kaka. An yi kwalli, an sha rubutu, shiru. Damina ta same mu muna ƙwadago a gonakin mutane. Ban yi kuka ba, wallahi ko kaɗan ban ji komai ba, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Shi kuma har ya rasu bai ƙara tambayata abin da na gani ba.

Yanzu jikokina na sa tabarau su tafi lakkwal, wato makarantar boko. Wani likita a Damagaram ya gaya mini ido irin namu tsawo yake yi, har siririyar fatar da ke cikinsa ta baya ta yage, walƙiyar kuma gargaɗi ce, in an hanzarta ana iya gyarawa. Na ce masa to. Da ma Baba na da wanda zai gaya masa haka. Ni kaɗai gare shi, ni kuwa na ce na gani.