Rigar Da Aka Naɗe Daban

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin wata Juma'a da na yi a Riyad za ta fita daga raina. Lokacin ina aikin sauke kaya a wani sito a unguwar Sulay, inda ake kawo kwantenonin tsofaffin kaya daga waje. Mu Hausawan wurin muna da fili a bayan sitocin, inda mukan buga ƙwallo duk Juma'a bayan La'asar, kowa da rigar da ya samu.

Wata rana a ƙuryar wata kwantena daga Amurka muka tarar da akwatin katako. A ciki akwai rigunan ƙwallo masu kauri guda goma sha ɗaya, da hoton 'yan wasa a gaban wata masana'anta mai dogayen bututun hayaƙi. Mudir, wato manajan siton, ya leƙa ya ce, "Yalla, ku zubar." Mu kuwa ba mu saba zubar da tufa mai kyau ba. Goma sun sha jiki, ɗaya kuma an naɗe ta daban cikin farin ƙyalle, fes da ita. Akwai rubutu a bayan hoton, amma lokacin ban daɗe da shiga ajin koyon karatu ba, ban tsinci komai ba. Sai muka bi abin da muka gada, mafi kyau na babba ne. Da Juma'a ta zo muka ba da ita ga wani dattijon direba da muke kira Baba, wanda shi ya fara share filin tun kafin yawancinmu mu zo ƙasar.

"Baba, yau kai ne ango," in ji mai tsaron gida.

"Ango da gwiwa ɗaya? Ku dai sa mini ƙwallo a ƙafa."

Ranar ina gefe saboda targaɗe. Ana take wasa sai Baba, da kullum yake tsaye a baya yana ba da umarni, ya kama gudu kamar ɗan ashirin. Da farko dariya muka yi. Da ya wuce ta gabana na daina. Kowa ya jiƙe sharkaf, shi ko ɗigon gumi babu, haƙoransa na kaɗawa kamar mai jin sanyi. Na kira shi, bai waiga ba.

Sai ga wani injiniya ɗan garinmu da ya yi karatu a Amurka ya iso a makare. Na miƙa masa hoton, ya juya bayansa ya karanta. Ya ce ma'aikatan narka ƙarfe ne, baƙi 'yan ci-rani irinmu, su suka kai ƙwallo birnin da masana'antar take, kowace masana'anta da ƙungiyarta. Da ya kai layin ƙarshe sai ya ɗago kai ya dube ni.

"Malam, akwai wata riga da aka keɓe?"

"Ga ta can a jikin Baba."

"Innalillahi! Mai ita an kira shi aiki ranar wasa, ya shiga wurin wuta bai fito ba. Tun daga nan su goma suke bugawa, rigarsa kuma su ajiye ta a bakin layi."

Kafin ya rufe baki Baba ya ja ya tsaya a tsakiyar fili, ya karkata kai kamar mai saurare. A fili muka ji ya ce, "An busa. Ana jirana a ciki." Juma'a ce, duk Sulay a rufe take, ko ƙarar mota babu. Ya bar ƙwallo ya nufi bangon sito, bangon da ba shi da ƙofa. Da ɗingishina na riske shi, mu huɗu muka kayar da shi muna salati, muka tuɓe rigar. Jikinsa kamar garwashi.

Likita ya ce zafin rana ne ya buge shi, kuma da mun ƙara jinkiri da sai dai labari. Ban musa ba. Amma da ya farfaɗo ya gaya mini ya ji jiniya, wasu mutane na kiransa da harshen da bai taɓa ji ba, kuma ya gane abin da suke cewa. Allah ne masani.

Sati na zagayowa muka mayar da rigar cikin ƙyallenta, muka ajiye ta a bakin layi, ɓangaren su Baba suka buga su goma. Baba na zaune kusa da ni, bai yarda ya kalle ta ba. Tun ranar na koyi cewa in ka ga mutane sun keɓe abu, ko da sun daɗe da shuɗewa, ka tambayi dalili kafin ka miƙa hannu.