Daminar da Maƙwabta Suka Ƙetaro Daji

Har yau, idan na ji kwalabe suna gugar juna a cikin kwando, sai in dakata da abin da nake yi. Jikokina sun ɗauka tsufa ne. Ba su san ƙarar tana mayar da ni wani ƙauye a bakin dajin Kamuku ba, a wata damina bayan an gama yaƙin basasa, lokacin da amai da gudawa ya sauko mana.

Garinmu a ƙasar Birnin Gwari yake, amma can ƙarshenta. Da rani motar En'e, wato hukumar gargajiya, takan leƙo mu, da damina kuwa sai dai mu ji labarinta. A shekarar kogi ya cika ya cinye hanya. Dawa ta fi tsawon mutum, ƙasa tana ƙamshin danshi, mu kuma muna ta kai mutane makwanci. Mutum zai yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin la'asar idanunsa sun faɗa. Wanda mai gari ya aika birni daga bakin ruwa ya juyo.

Sai dai akwai wani tsohon alkawari tsakanin hakiminmu da na ƙasar da ke bayan daji. En'ensu daban, alƙalinsu daban, amma dattawa sun ƙulla cewa ranar annoba ba a tambayar iyaka. Mai gari ya sami wani Bafulatani da ya san burtali, ya ce ya je ya faɗa musu halin da muke ciki.

Wata rana da hantsi suka ɓullo ta bayan gonaki. Malamin asibitinsu yana gaba yana tura keke, taɓo har gwiwa. A bayansa matan Gbagyi ne a jere, kowace da ƙwarya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka. Kwalaben ƙarin ruwa ne a ciki, an cusa ciyawa tsakaninsu, duk da haka suna ƙara. Da su suka ratsa rafuka, ba wadda ta fashe.

A ranar ƙanwata tana kwance a ɗakin Kaka, leɓenta ya tsage, ta daina ko kuka. Kaka ta kafa dokar da ba wanda ya isa ya karya: ba za a ba ta ruwa ba. A ganinta duk abin da aka zuba wa cikin fitowa yake yi, gara a bar shi ya huta. Haka aka yi imani a garin, kuma da ƙauna ake yin hakan.

Malamin asibitin ya duba yarinyar. Kwalaben ba su da yawa, na waɗanda suka kasa haɗiya ne, ita kuwa maƙogwaronta yana motsi. Ya durƙusa gaban Kaka.

“Inna, ruwa ne ya fita daga jikinta, ruwa za a mayar.”

“Ɗan nan,” in ji Kaka, “ko gemu ba ka ajiye ba. Ni na raini ubanta, ga shi can da ransa. Ka sha furarka ka duba wasu.”

Bai yi gardama ba. Ya fito zaure ya zauna kusa da Baba, wanda shi ne limamin gari. Kirista ne malamin, Hausarsa da ɗan karin Gbagyi, amma cikin Musulmi ya tashi. Ya daɗe yana kallon allunan da ke jingine da bango, sannan ya ce, “Malam, in rubutu ne fa, Inna za ta hana?”

Baba ya dube shi, ya yi murmushin da rabonmu da ganinsa tun farkon ciwon. “Wa ya isa ya hana rubutu?”

Aka tafasa ruwa a tukunya aka bar shi ya huce. Malamin asibiti ya auna gishiri da sukari da hannunsa. Baba ya yi alwala, ya ɗauki alƙalami ya rubuta ayoyin waraka, aka wanke allon da wannan ruwa. Kaka ce da kanta ta karɓi ƙoƙon, ta yi bisimilla, ta riƙa ɗiga wa yarinyar da ludayi. In ta amayar, sai a dakata kaɗan a sake. Ƙoƙo na ƙarewa sai ka ji muryarta daga ɗaki: “Malam, ƙaro wani!” Baba ya yi ta rubutu har yatsunsa suka ƙage. Kafin yamma maƙwabta sun cika zaure da ƙwaryoyi, duk mai iya riƙe alƙalami a garin aka ba shi allo.

Washegari da walaha ƙanwata ta jiƙa tabarmar Kaka da fitsari. Ban taɓa ganin an yi murna da irin wannan ba. Malamin asibiti ya ce jikin ya karɓi ruwa, in Allah ya yarda ta tsallake.

“Ka gani ko?” Kaka ta ce masa. “Ayar Allah ce.”

“Ita ce, Inna. Gishirin rakiya ya yi mata.”

Ta kai masa dukan wasa da ludayi. Daga ranar ɗanta take kiransa.

Da sanƙarau ya faɗa wa ƙasarsu a wata bazara, motar En'enmu ce ta tafi da malamin asibitinmu da magani. Ba wanda ya kira shi ramuwa. Kaka ta bi motar har bakin gari da ƙunshin daddawa, tana cewa a kai wa ɗanta. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba.

Ƙanwata a can bayan dajin ta yi aure, yanzu ita ma kaka ce. An yi asibitoci, an yi ƙananan hukumomi kowace da sakatariyarta, kowa da waya a aljihu. Amma burtalin da mata suka bi da kwalabe, yau saboda 'yan bindiga ko namiji da babur sai ya yi wasiyya kafin ya shiga. Bara ta kwanta ciwo, na ɗaura niyyar zuwa. Ɗanta ya kara mata waya a kunne, ta ce da ni da muryar da ta yi sanyi, “Yaya, kada ka biyo dajin nan. Ka rubuta mini daga can, ka shanye a madadina.”

Na rubuta, na wanke, na sha.