Hannun Yaya na Hagu

Yayana direban kamiyo ne, babbar motar ɗaukar kaya. Albasa yake ɗauka daga lambunan Badaguishiri ya kai inda masu kaya suka ce, ya dawo da siminti ko shinkafa. Amma a unguwarmu ta Birnin Konni ba da tuƙi aka san shi ba, da gita aka san shi. Ya koye ta wurin wani Buzu da suka yi zaman tasha tare tun yana karen mota, kuma bai tsaya ga kiɗan Buzaye ba. Ya ɗauko tafiyar gurmi da molo da muka tashi muna ji a ƙauyen kakanninmu wajen Alela, ya ɗora ta kan tsirkiyar gita. Ba ya zuwa biki, ba ya roƙo. A ɗakinsa yake kaɗawa, mai son ji ya zo ya zauna bakin ƙofa.

Ni malamin lakwal ne, makarantar boko, shi ya sa yake ce mini Mushe kamar yadda yara ke kiran malami, duk da shi ya goya ni. Ban iya kiɗan komai ba. Abin da na iya shi ne danna maɓalli, kuma ta nan na shiga cikin kiɗansa.

Wata tafiya da ya yi Sakkwato ya dawo da wata tsohuwar na'urar ɗaukar sauti, muna ce mata manyeto. Kaset take ci irin na rediyo, amma tana da layi huɗu. Sai a ɗauki gita a layi ɗaya, a mayar da kaset baya, a ɗora wata gitar a kai, sa'annan murya, sa'annan tafi ko ƙwarya. Ranar Lahadi da hantsi muke aiki, in yana gari. Mu rataya bargo a taga saboda ƙarar baburan kabu-kabu, mu kashe fanka don kada iskarta ta shiga mikoro, abin ɗaukar murya. Matar Yaya ta ajiye taɓarya ta jira mu. Zufa ta riƙa ɗiga daga haɓarsa kan katakon gita, shi kuwa idonsa rufe. Ni ina tsugune gaban manyeto ina kallon wata ƴar allura da ke rawa, in ta faɗa cikin ja na rage.

Manyeto ba ta san gyara ba. In yatsa ya zame, ko dai a bar shi haka, ko a koma tun daga farko. Yawanci barinsa yake yi.

"Ƙyale shi, Mushe," yakan ce. "Hanyar Tawa ma da ramunta, kuma ana zuwa."

Akwai kaset da zakaran maƙwabta ya yi cara a tsakiyarsa. Akwai wanda ake jin matar Yaya tana tari. Dukansu da wani shuuu a ƙasa, kamar ruwan sama na zuwa daga nesa. Abokansa direbobi suna karɓa su kwafa. Na taɓa tsayawa bakin iyaka na ji kiɗan ɗakinmu yana fitowa daga wata kamiyo da ban san mai ita ba. Na dawo da gudu na gaya masa, ya yi kamar bai damu ba, amma ranar bai bar gitar ta huta ba.

Abubuwa biyu suka zo mana kusan tare. Kaset ya fara ɓacewa daga kasuwa, motoci suka koma cin ɗan katin zuba waƙoƙi irin na waya, har muka koma shafe tsofaffin kaset na waƙar Indiya muna ɗauka a kai. Sai kuma ƙishirwa ta kama Yaya, irin wadda randa ba ta kashewa. Ya rame. A asibiti aka ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinsa. Tafin ƙafarsa ya fara mutuwa, ba ya jin birki yadda ya kamata, dole ya ajiye tuƙi. Bayan damina abin ya hau hannunsa na hagu, wanda ke danne tsirkiya. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka daina ji. Yana ganinsu sun sauka kan tsirkiya, amma bai san ko sun danna ba sai ya ji sautin ya fito a shaƙe.

A lokacin an mayar da ni koyarwa Badaguishiri, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Wata Asabar na same shi zaune a zaure, ya ce in zauna.

"Yaran nan masu waƙa a bayan tasha sun ce ordinata tana gyara kiɗa," in ji shi. "Sun ce ko mutum ya kuskure, sai a ɗauke kuskuren a sa daidai. Gaskiya ne?"

Na ce haka nake ji.

"To kai mai ilimi ne. Ka nemo muna."

Ina da wata ƴar ordinata ta hannu, wato kwamfuta, tsohuwa, da nake rubuta jarabawa da ita. Wani abokin aikina ya sa mini manhajar ɗaukar kiɗa, ya nuna mini yadda ake yanka da liƙawa, na samo ɗan akwatin da ake haɗa mikoro da shi. Manyeto muka ɗora ta bisa kabad, muka rufe ta da tsumma.

Ranar farko da Yaya ya kaɗa, sautin ya fito a gilashin ordinata da zane-zane kamar ƙayar kifi. Ya matso ya daɗe yana kallo.

"Wanga shi ne ni?"

Na ce shi ne. Na mayar masa ya ji. Babu shuuu, babu komai, sai gita tsirara. Kuma da tsabtar nan duk inda yatsa ya kasa sai ya fito fili, ba abin da zai fake a bayansa.

Daga ranar bai ƙara rufe ido yana kiɗa ba. Gilashi yake kallo, in ya gaji da shi ya kalli fuskata. Da ya ji tsirkiya ta shaƙe sai ya tsaya ya ce a sake. A ordinata sakewa ba ta cin kaset, ba ta ƙarewa, saboda haka ba mu da dalilin cewa ya isa. Gaɓa ɗaya ta kiɗa sai mu wuni a kanta. Ga batirin ordinatar ya mutu, da an ɗauke kuran, wutar lantarki, sai ta mutu nan take, wani lokaci da abin da muka ɗauka. A zafin bazara takan ɗauki ɗumi ta tsaya cik, mu ɗora ta kan murfin randa muna jira ta huce. Yaya ya zauna yana murza yatsunsa da man zafi.

Akwai wani kiɗa da ya yi wa mahaifiyarmu bayan rasuwarta, ba waƙa a ciki, gita ce kawai. Shi yake so ya fito da kyau, ya shiga wayar ƴaƴansa. Mun yi watanni muna bin sa, bai taɓa kai shi ƙarshe a zama ɗaya ba. Abin da na tara gutsattsari ne, na wannan mako da na wancan. Sai na tafi da su Badaguishiri. In an tashi lakwal na zauna ƙarƙashin itacen bedi a bayan aji, na sa abin ji a kunne, ina ɗauko sauti daga nan ina kai shi can. Inda ya makara na jawo shi baya. Akwai wani wuri da kiɗan ke hawa sama, wanda sai da ƙaramin yatsa ake kai shi, kuma a duk abin da muka ɗauka babu inda ya fito. Na ɗauki wani sauti na ƙasa na ɗaga shi da manhaja har ya kai. Da na gama, na saurara. Kamar Yaya na da can, har ma ya fi.

Na kawo masa bayan la'asar. Matarsa ta zo ta tsaya bakin ƙofa, da aka gama ta share ido da gefen zane ta ce ya yi kyau. Yaya ya ce in sake sawa. Ya saurara kansa a ƙasa.

"Ya yi kyau," in ji shi. "Wa ya kaɗa?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Bai yi dariya ba.

"Wurin nan da ya hau sama. Rabona da shi tun bayan damina. Ina ka samo shi?"

Na gaya masa yadda na yi. Ya gyaɗa kai.

"Ni na ce ka yi, Mushe, kuma ka yi aiki. Allah shi yi maka albarka." Ya kalli hannunsa. "Sauko muna da manyeto."

Na sauko da ita. Da na danna, ba abin da ya juya. Na kai wa mai gyaran rediyo a kasuwa, ya buɗe, muka ga robar da ke juya kaset ta narke ta zama kamar kwalta. Ya ce irinta ta daɗe da ƙarewa, ko a Illela ta Najeriya ba za a samu ba. Ya yanko wata daga tsohon tub na keke ya sa. Ta juya, amma ba daidai ba, tana sauri tana lafawa.

Duk da haka Yaya ya ce mu ɗauka. Muka rataya bargo, muka kashe fanka. Ya ce kada in tsayar, kome ya faru. Ya rufe ido ya fara. Yatsun suna zamewa, tsirkiya tana shaƙewa, da ya zo wurin hawan nan sai ya kai hannu, sautin bai fito ba, sai ɗan ƙas na farce kan tsirkiya. Ya wuce. Ya kai kiɗan har ƙarshe, karo na farko tun da ciwon ya taɓa hannun. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na mayar da kaset baya na danna. Ba mu kai rabi ba ya ɗaga mini hannu.

"Kashe."

Na ce robar ce ke sa sautin rawa.

"Na san abin da roba ta yi, na san abin da ni na yi. Kashe."

Ya miƙa wa matarsa gitar ya ce ta sa ta cikin buhunta. Ban ƙara ganin ta a hannunsa ba.

Na yi ƙoƙarin ceto tsofaffin kaset ɗinmu, in zuba su a ordinata. Yawancinsu zafi ya manne su, in an ja sai su tsinke. Waɗanda suka juya, manyeto mai robar keke ta karanta su a karkace, muryar Yaya tana hawa tana sauka kamar ta mai maye. Na bi abokansa direbobi, kowa ya ce ya zubar da nasa tun da ya canza rediyon mota. Abin da ya rage mai kyawun ji daga duk shekarun nan, shi ne wanda na ɗinka a bayan aji.

Da idonsa ya fara raguwa suka koma Malbaza, gidan ƙanen matarsa. Yana da ɗan tebur bakin hanya, ana sayar da goro da katin waya, matarsa ke kula da canji. In na tashi daga Badaguishiri zan tafi Konni nakan sauka wurinsa. Mu yi zancen damina, da lalacewar hanya, da wanda ya rasu. Ba ma zancen gita.

Babbar ƴarsa ta tura kiɗan nan da na ɗinka a waya, ya bi hannu ya yaɗu. Zuwana na baya-bayan nan muna zaune, wata kamiyo ta tsaya, direban ya sauko, tsohon abokin tafiyarsa ne. Bayan gaisuwa ya fito da waya ya kunna, ya kai ta kusa da kunnen Yaya.

"Ashe hannu ya warke, ba ka gaya muna ba? Wallahi ko da can ba ka yi irin wanga ba. Yaushe za mu ji sabo?"

Yaya ya ce, "Sai yadda Allah ya yi."

Mutumin ya tsaya sai da kiɗan ya ƙare, ya sayi goro, ya yi sallama ya hau motarsa. Yaya ya bi ƙarar injin da kunne har ta yi nisa. Ya ce giyar motar ta uku tana ci wa direban, in bai duba ba za ta bar shi a hanya. Daga nan ya ce in tashi in tsaya bakin kwalta, kada motocin Konni su cika su bar ni.