Sunan da Za a Raɗa wa Kumbar Malam

"Ni na goya shi!"

"Ni kuma nake kwana da duwatsu a ƙarƙashin gado, Yaya. Goyo ai an sauke shi tuntuni."

Malam na jin su ta bango, daga ɗan ɗakin da yake aiki. Ya ajiye tsohon buroshin haƙorin da yake goge dutse da shi, ya ja kujera, ya kara kunne. Matarsa ce da yayarsa, kuma a kansa ake yi. Rabon da a yi faɗa a kansa tun yana rarrafe, don haka bai yi gaggawar rabawa ba.

Malamin labarin ƙasa ne da ya yi ritaya. Tun yana saurayi yake bin ramin da kamfanin siminti ke fasa dutse, yana tsintar kumbar teku, irin mai kama da mafici, wadda ta daskare ta zama dutse tun zamanin da wurin yake ƙarƙashin ruwa. 'Yan makaranta suka laƙaba masa Mai Kumba. Matarsa ta taɓa tokare ƙofar kicin da wadda ya fi ji da ita. Yayarsa kuwa duk zuwan da za ta yi sai ta tambaya a asirce ko an gwada kai shi asibiti.

Sai bara ya tsinci wata dabam. Haƙarƙarinta, wato layukan nan masu tudu da ke bazuwa daga gindi, kowanne sai ya rabu biyu kafin ya kai baki. Masanan jami'a suka juya ta, suka auna, suka gwada da danginta, suka ce ba a taɓa rubuta irinta ba, irin ma ya ƙare a duniya. Shi ya samo, shi zai raɗa suna. Sai dai a al'adar masu wannan sana'a mutum ba ya sa sunan kansa, na wani yake sawa, kuma sunan da ya shiga littafi ya shiga ke nan har abada.

Ranar da ya faɗi haka a gida, rayuwarsa ta canja. Shayi ya fara iske shi har ɗaki. Yaya ta zo gaisuwa ta zarce da zama, tana kiransa Autan Inna, tana cire masa zare a riga. Shi kuwa, Allah ya shirye shi, ya ja kowacce gefe ya raɗa mata, "Ke ma kin san wanda ke raina." Bai yi ƙarya ba, kansa ne a ransa. Tsoronsa ɗaya: ranar da ya zaɓi ɗaya, ɗayar ta ƙullace shi har kabari, wadda aka zaɓa kuma buƙata ta biya, tarairaya ta ƙare. Ga jami'a ta matsa masa ya kawo suna.

Da ya ji an fara tone-tone, sai ya ɗauki kumbar a cikin auduga ya shiga falo, fuskar nan kamar ta mai zuwa ta'aziyya.

"Ku yi haƙuri, yau za a gama. Amma gara ku sani, a littafi suna ne a sama, siffa a ƙasa, kowa ya buɗe tare zai karanta su." Ya ɗaga ta a haske yana bi da yatsa. "Gajera ce, mai kumburin ciki. Kunnuwa biyu, ɗaya fato-fato, ɗaya guntu. Baki mai faɗi, ba ya rufuwa ruf. Bayanta duk tamoji. Sannan tsohuwa ce tukuf, ta girmi danginta kaf."

Matarsa ta shafa kunnenta ta cikin ɗankwali. Yaya ta haɗe leɓɓanta a hankali.

"Malam," in ji matarsa, murya kamar zuma, "ai babba babba ne. A sa na Yaya."

"A'a, yarinya," in ji Yaya ga matar ƙanin nata, wadda har jikoki gare ta. "Wa ya sha wahalar duwatsun nan in ba ke ba? Haƙƙinki ne, ba zan ci ba."

"Wallahi na yafe."

"Ni ma na yafe, duniya da lahira."

Nan take, karon farko tun da aka kawo matar Malam gidan tana amarya, suka haɗa baki: a sa wa kumbar sunan ramin siminti, ai shi ya haife ta. Malam ya gyaɗa kai kamar wanda aka fi ƙarfinsa. Ya tsira daga ƙiyayyarsu. Amma ya ga Yaya ta fara laluben jakarta za ta koma gida, matarsa kuma ta juya ga talabijin kamar ba ya tsaye a wurin.

Ya naɗe kumbar a audugarta, ya taka har bakin ƙofa, sannan ya waigo.

"Af, na manta. Akwai wata a kwali da ban gama gogewa ba. Siririya, santsi kamar tangaran, kunnuwan nan daidai wa daida. Da alama ita ma ba ta da suna."