Na Goge Wasiyyar Baffa Saboda Kallon Ƙwallo

A lokacin ni ƙaramin ma'aikaci ne a Dutse, kuma a gidanmu da ke wajen Miga ni ake wa kallon masanin waya. Ni ma na hau na zauna a kan haka. Da ciwon Baffa, mahaifinmu, ya tsananta, sai ya sa aka kira ni, ya ce in kunna waya in ɗauki maganarsa. Cikin garkenmu akwai shanun amana da mutane suka ba shi kiwo, shi kaɗai ya san ta wane da ta wane. Ya lissafo su ɗaya bayan ɗaya, da kamanninsu da abin da suka haifa, yana yi yana hutawa. Ni kuwa ban tsaya haddacewa ba, tunda waya na ɗauka. Kwana tara bayan nan Allah ya yi masa rasuwa.

Wayata ta cika, sai na sayi filashi irin wanda ake soka wa waya, na mayar da maganar ciki, na goge ta kan wayar. A haukana na adana ke nan. Ana haka wani abokin aikina ya turo mini manhajar kallon ƙwallo kyauta, wadda babu ita a rumbun manhajoji na waya. Sau biyu wayar ta gargaɗe ni, na danna na wuce. Duk izinin da manhajar ta nema na ba ta ban karanta ba, don an kusa take wasa. Filashin kuwa yana jikin wayar. Wani saƙo ya fito wai a gyara ma'ajiya, shi ma na danna. Washegari na buɗe filashin, wayam.

Zama ya gagare ni. A ofis sai in soka filashin, in cire, in sake sokawa, kamar zai ji tausayina. Ba mai gyaran wayar da ban je wurinsa ba a Dutse, har Kano na kai shi. Kunya ta hana ni gaya wa kowa a gida.

Ranar rabon gado wata dattijuwa ta zo daga Taura, ta ce marigayi mijinta ya bar jar saniya a hannun Baffa, ta ji an ce ta hayayyafa amma ba ta san adadin ba. Yayana ya juyo ya ce in kunna musu maganar Baffa. A gaban kowa na faɗi abin da na aikata. Bai yi mini faɗa ba, tambayata kawai ya yi ko na riƙe wani abu. Na tuna Baffa ya ambaci Taura, amma 'yan maruƙa biyu ya ce ko uku, wallahi ban sani ba. Na ce a cika mata uku daga rabona. Ta ƙi, ta ce ba za ta kai wa jikokinta abin shakka ba, ta kora biyu da uwarsu ta tafi.

Har yau abin na cina. Don Allah, abin da ba shi da madadi kada ku ajiye shi wuri ɗaya, manhajar da waya ta yi muku gargaɗi a kanta kuma ku ƙyale ta. Ita dattijuwar ta san hanyar gidanmu, ta zo. Waɗanda ke tayar mini da hankali su ne waɗanda Baffa ya ambata, ba su zo ba, ni kuma na manta sunayensu.