Yaya Kafinta da Lambar Ciwo

Ranar an tashi da ruwa, irin yayyafin nan da ba ya tsayawa. Na naɗe wando, na saɓa Yaya a kafaɗa har bakin mota, muka nufi asibiti.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Kafinta ne tun muna samari. Rabin ƙofofin layinmu shi ya kafa su. Na taɓa ganin zarto ya zame ya shiga babban yatsansa, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa yankan katakon. Aka ce sannu, ya ce da sauƙi. Duk tsawon rayuwarsa ban ji ya ba da wata amsa ba.

Da ciwon daji ya kama shi a ƙashin ƙugu, aka haɗa mu da wata likita, sa'ar autarsa ce. An ce ba ta daɗe da dawowa daga kwas ba, inda aka koya musu yadda ake ba da maganin ciwo mai ƙarfi, irin wanda idan aka yi sakaci jiki ke sabawa da shi ya kasa rabuwa. Ta ba mu kwalba ɗaya da sirinjin awo, ta ce a kulle, kada a sam wa kowa ko ɗigo, mu dawo bayan mako biyu.

Ni nake zama da shi da rana. Maganin yana yi masa aiki, amma kafin lokacin na gaba ya zo sai ciwon ya dawo. Ina ganin yadda yake damƙe katakon gado har farcensa ya yi shaida a jiki. Ranar komawar, a mota ya ja min kunne.

"Kai, idan mun shiga ka riƙe bakinka. Ba zan zauna gaban 'yar cikina ina raki ba."

Na ce to, Yaya.

Ofishinta ƙarami ne, teburi da kujera uku, ga bokiti a kusurwa yana tarar ɗigon rufi. Yaya ya ɗaga kai ya duba.

"Wanda ya yi muku wannan aikin ya cuce ku."

Ta yi dariya. "Baba, warke ka zo ka gyara mana. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ta nuna masa wata takarda mai lambobi. Ta ce sifili babu ciwo, goma kuma ciwon da ya fi kowane. Ina nasa yake?

"Ɗaya."

"To madalla. In haka ne za mu fara rage maganin. Ba a barin mutum a kansa in babu buƙata."

Ta ɗauki biro. Wanda ake ba shi ma bai ishe shi ba, ina ga an rage? Shekara sittin ban taɓa ƙaryata Yaya a gaban mutane ba. Na buɗe baki, ya zuba min ido, na rufe. Sai murza hulata nake yi.

Ban sani ba ko hular ta gani. Ta ajiye biron.

"Baba, sallar asuba ta yau, a tsaye ka yi ko a zaune?"

Ana jin ɗigon ruwa a bokiti. Yaya zai iya ɓoye komai, amma ba zai yi ƙarya a kan salla ba.

"A kwance," in ji shi.

"Tun yaushe?"

"Yau kwana tara."

"Kuma ka ce min ɗaya? Baba, ka so ka sa in cuce ka da hannuna."

"Ai ke kika ce in zaɓi lamba. Na zaɓi wadda ba za ta tayar wa kowa hankali ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi barci, ta tambaye shi bayan gida, ta tambayi ƙarfe nawa ciwon ke dawowa. Sannan ta ƙara awon kaɗan, ba da yawa ba, ta ce bayan kwana uku tana son ganinmu. Ta juyo gare ni.

"Kawu, in ka ga barci ya yi masa nauyi, ko numfashinsa ya ragu, kada ka ba shi na gaba. Ka kira ni nan take."

Kwana ukun nan kusan ƙirjinsa kawai nake kallo. Da muka koma, ba ta fito da takardar lambobi ba. Ta ce, "Sallar yau fa?" Ya ce a jingine.

Yanzu wata biyar ke nan. Ciwon bai warke ba, ta gaya mana gaskiya ba zai warke ba. Kwalbar tana cikin wani akwati mai kwaɗo da ya ƙwanƙwasa da kansa, makullin yana aljihuna. Yaya yana gida, yana salla a zaune a kan kujera, da hantsi kuma ana fito da shi ƙofar shagonsa ya zauna.